Kafin Ka Karɓi Katin Baba: Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Riƙe Kuɗin Wani a Banki

Wata biyar Baffa ya yi a kwance bayan ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Bakinsa ya karkace, maganarsa sai wanda ya saba da shi ke ganewa, amma hankalinsa garau. Duk tsawon watannin nan babban ɗansa ne ke riƙe da katinsa na cirar kuɗi. Da fansho ya shiga sai ya je wajen mai POS na bakin layi ya ciro, a sayi magani da hatsi, a sallami mai gashin ƙashi. Babu wanda ya ga aibun haka, tunda Baffa da bakinsa ya faɗa masa lambar sirrin. Ana cikin haka sai wa'adin katin ya cika.

Ni na raka ɗan nasa banki. Yarinyar da ke kan tebur ta duba katin, ta duba kwamfuta, ta ɗago.

"Malam, ina mai asusun?"

"Yana gida, ba shi da lafiya. Ni ne babban ɗansa."

"Allah Ya ba shi lafiya. Amma sai dai ya zo da kansa, ko ka kawo takardar da ta ba ka iko a kan asusun."

Ba mu da wata takarda. Washegari muka ɗauki shatar adaidaita, mu uku muka ciccibi Baffa muka saka a ciki. Wani ma'aikaci ya fito har bakin ƙofa da fom a hannu, ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa masa biro. Hannun da Baffa ya shekara talatin yana sa hannu da shi ba ya motsi. Ya gwada da hagu, abin da ya fito bai yi kama da wanda ke cikin na'urarsu ba. Na ga hawaye a idonsa, shi da bai taɓa roƙon kowa ba. Sai da muka kawo takardar likita, aka sauya masa sa hannu zuwa dangwalen yatsa, sannan aka ƙara sunan ɗansa a kan asusun. Mako uku aka yi ana wannan zirga-zirga, magani kuwa bashi muka riƙa ci a kemis.

Ko a ranar ban ga laifin yarinyar ba. A wajen banki, asusu yarjejeniya ce tsakaninsa da mutumin da hotonsa da sa hannunsa da yatsunsa ke cikin na'ura. Kasancewarka ɗa, ko miji, ko mata, ko babban wa, ba ya ba ka ikon taɓa ko sisin kwabo. Addini ma haka ya tsara: dukiyar mace tata ce, miji ba shi da hurumi a ciki sai da yardarta, dukiyar uba kuma tasa ce har ranar da rai ya yi halinsa. Tun da Babban Bankin Najeriya ya fito da lambar BVN a watan Fabrairun 2014, maganar "ai manaja ya san gidanmu" ta daina aiki. A watan Disambar 2023 kuma aka ƙara ɗaure ƙofar, aka ce ƙaramin asusu sai an haɗa shi da BVN ko NIN, babba kuwa sai da duka biyun.

Mafi yawanmu kati da lambar sirri muke karɓa, don shi ya fi sauƙi. Sai dai sauƙin na ɗan lokaci ne. Sharuɗɗan da mai asusu ya sa wa hannu sun hana shi bai wa kowa lambar sirrinsa, saboda haka idan kuɗi suka salwanta banki zai ce sakaci ne, ya janye jikinsa. Idan na'ura ta haɗiye katin, ko layin wayar da alat ke shiga ya ɓace, komai ya tsaya cik. Babbar illar kuma a cikin gida take: ba ka da wata shaida cewa an ba ka izini. Yau 'yan'uwa na sa maka albarka saboda ɗawainiya, gobe idan aka zo rabon gado wani ya tambayi ina dubu ɗari biyun da ta fita a watan azumi, ba ka da abin nunawa sai rantsuwa.

Lokacin da yake cikin hankalinsa

Duk hanyoyin da ke da sauƙi suna buɗe ne muddin mai kuɗin yana gane abin da yake yi. Mafi arha a cikinsu ita ce a ƙara mai sa hannu a kan asusun, abin da ma'aikatan banki ke kira mandet. Ku je reshe tare, mai asusun ya rubuta wasiƙa cewa ya yarda wane ya riƙa cire kuɗi a madadinsa, wakilin ya ba da BVN da NIN ɗinsa da hotuna da shaidar wurin zama, a ɗauki sa hannunsa. Asusun na nan da sunan mai shi, kuɗin nasa ne, wakilin ɗan aike ne kawai. Ana iya gindaya sharaɗi: kada abin da zai cira ya wuce kaza a wata, ko kuma babban kuɗi sai mutum biyu sun sa hannu. Wasu bankuna sun fi saurin yarda da wannan a asusun karent fiye da asusun ajiya, don haka a fara tambaya. Idan mai asusun ba ya iya tashi, a rubuta wa manajan reshe a nemi su turo ma'aikaci gida ko asibiti, a haɗa da takardar likita. Da mun san da wannan, da ba mu ɗora Baffa a adaidaita ba.

Hanya ta biyu ita ce takardar wakilci ta lauya, wadda a bakin lauyoyi za ku ji ana cewa fawa of atoni. Masu sayen filaye sun san sunanta, musamman a Abuja, amma ta harkar banki daban take. Wakilci ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Babi ne guda a fiƙihu, kuma kowa ya ga wakilin ango da waliyyin amarya a wajen ɗaurin aure. Abin da takardar ta ƙara shi ne rubutu da shaidu da hatimi, yadda wanda bai san ku ba zai iya dogara da ita. Ta fi dacewa idan asusun ya fi ɗaya, ko akwai haya da za a karɓa, ko hannun jari, ko mai dukiyar zai yi doguwar tafiya.

A nan nake son mai karatu ya natsu, domin yawancin ɓarna daga lafazin takardar take farawa. Kada a yarda da takardar da ta ce wakili zai iya yin "duk abin da mai dukiya zai iya yi". A rubuta sunan banki da lambar kowane asusu. A faɗi abin da aka yarda ya yi: cire kuɗi, biyan asibiti da makaranta, karɓar takardar bayanin asusu, sabunta kati. A faɗi abin da aka hana shi ƙarara: cin bashi da sunan mai dukiya, rufe asusu, yi wa kansa ko wani kyauta, naɗa wani wakili a madadinsa. A sa wa'adi, shekara ɗaya ko biyu, in ya so a sabunta. Uban da ke jin nauyin gindaya wa ɗansa sharaɗi ya tuna cewa sharaɗin nan kariya ce ga ɗan ma, don ranar da ƙaninsa zai zo neman rancen jari daga kuɗin Baba, takardar ce za ta amsa masa.

Bayan an rubuta, mai dukiya ya sa hannu a gaban shaidu, a kai wa lauya mai hatimin tabbatar da takardu ko jami'in rantsarwa na kotu, a biya kuɗin hatimi na gwamnati. Idan mai dukiyar ba ya karanta Turanci, dole a karanta masa a fassara masa da Hausa kafin ya dangwala, kuma a rubuta a ƙasan takardar cewa an yi haka, da sunan wanda ya fassara da adireshinsa. Akwai doka ta musamman da ke kare wanda bai iya karatu ba, kuma rashin wannan ɗan bayani ya isa a yi ta ja-in-ja a kan takardar a kotu. Wanda ke zaune a Makka ko Kumasi ko Landan yana son ɗan'uwansa ya kula masa da asusunsa na gida, sai ya sa hannu a gaban mai hatimi na can ko a ofishin jakadancin Najeriya; Dokar Shaida ta 2011 ta ce kotu ta ɗauki irin wannan takarda a matsayin sahihiya sai in an kawo hujjar akasin haka.

Shawara ɗaya da za ta rage muku wahala: ku je banki kafin ku je wajen lauya. Kowane banki yana da sashen shari'a da zai duba takardar, wasu ma suna da nasu fom da za a cike bayan ita, kuma kusan dukkansu za su nemi jin ta bakin mai asusun, ko ta waya ko ido da ido. Gara ku ji abin da suke so a rubuta tun farko da a ce kun biya lauya sannan a dawo muku da ita. Ranar da mai dukiya ya fasa wakilcin kuma, kada ya tsaya a faɗa wa wakilin da baki. Ya rubuta wa banki, a buga masa hatimin karɓa a kan kwafi. Muddin banki bai samu sanarwa ba, zai ci gaba da biya.

Akwai gajerun hanyoyi biyu da mutane ke bi waɗanda ba na ba da shawararsu. Ta farko asusun haɗin gwiwa, a sa sunan uwa da na ɗa tare. Da zarar an yi haka, a takarda kuɗin ya zama na mutum biyu. Tun 1 ga Agustan 2020 Babban Banki ya ba bankuna damar bin wanda ya ci bashi ya ƙi biya zuwa duk asusun da ke haɗe da BVN ɗinsa a kowane banki, kuma asusun haɗin gwiwa yana cikin waɗanda aka lissafa. Ke nan bashin ɗa na iya cin kuɗin maganin uwa. Idan ɗayansu ya rasu kuwa, sai a shiga gardamar nawa ne na mamaci, nawa ne na mai rai.

Ta biyu ta fi muni, ita ce ka kwashe kuɗin ka zuba a naka asusun "don sauƙin aiki". Rai ba a hannunka yake ba. Idan ka riga Baba tafiya, a idon banki da kotu kuɗin nan naka ne, magadanka ne za su raba, sai in sun ji tsoron Allah ko an samu shaida. Ga kuma maganar inshora. Hukumar NDIC tana lamunce wa kowane mai ajiya har naira miliyan 5 a bankin kasuwanci guda, tun bayan ƙarin da aka yi a 2024. Lokacin da aka soke lasisin bankin Heritage a ranar 3 ga Yunin 2024, da BVN aka riƙa gano masu ajiya ana tura musu kuɗinsu a wani asusun nasu na daban. In kana da miliyan huɗu, Baba na da huɗu, kowa a nasa asusun, dukkanku kuna cikin lamuni. In ka haɗe su da sunanka, mutum ɗaya ne a lissafi, miliyan uku kuma sai jiran a sayar da kadarorin banki.

Ranar da wakilci ke ƙarewa

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan. Wakili yana aiki ne da ikon wanda ya wakilta shi. Idan ikon ya gushe a can, ya gushe a nan. Abu biyu ke gusar da shi ba tare da an rubuta komai ba: gushewar hankali da mutuwa.

A Ingila sun yi wa matsalar farko magani. Tun watan Oktoban 2007 mutum zai iya rubuta wakilci mai ɗorewa yana da lafiyarsa, a yi masa rajista a ofishin gwamnati da aka keɓe don haka, ya ci gaba da aiki ko da gigin tsufa ya kama shi. Takardar wakilci ta yau da kullum a Najeriya ba haka take ba. Ban da irin wadda ake yi wa wanda ya biya kuɗi ya sayi kadara, wadda doka ta ba ta wani ƙarfi daban, asalin hukuncin shi ne ta faɗi da zarar mai bayarwa ya daina gane al'amuransa. Wannan ba ya nufin yin ta da wuri ba shi da amfani. Shanyewar jiki, makanta, karaya, doguwar jinya, duk ba lallai ne su taɓa hankali ba, kuma su suka fi yawa. Ko ranar da aka je gaban alƙali ma, takardar shaida ce ta wanda dattijon ya aminta da shi lokacin da yake iya zaɓa.

Idan kuwa hankalin ya riga ya tafi, Inna ba ta gane 'ya'yanta, ko tana tambayar mijinta da ya shekara goma da rasuwa, ƙofa ɗaya ce ta rage, ita ce kotu. Na san abin da ake yi a gidaje da yawa: a rubuto takarda, a kama yatsan tsohuwa a dangwala, a samo shaidu biyu. Wallahi wannan ba wakilci ba ne, ko da niyyar mai yi fara ce tas. Takardar banza ce a shari'a, kuma duk ranar da wani ɗan'uwa ya tona, sunanta jabu.

Hanyar kotu ba ta kai wahalar da ake tsoro ba. A fara da rahoton likitan ƙwaƙwalwa daga asibitin gwamnati, irin na Barnawa a Kaduna, ko Dawanau a Kano, ko Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri, ko sashen da ke kula da haka a asibitin koyarwa. A tara 'yan'uwa na kusa a daidaita a kan wanda za a gabatar, an fi so su zama biyu. Sannan a shigar da buƙata a naɗa mai kula da dukiyar. Ga Musulmi, wannan yana cikin hurumin kotunan Shari'a. Sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999, da yake lissafa abin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ke saurara, ya ambaci al'amarin yaro ƙarami, da almubazzari, da mai taɓin hankali, da kula da Musulmin da jikinsa ko hankalinsa ya raunana. Malamanmu sun san babin da sunan hajru, wato a tsare wa mutum dukiyarsa don amfanin kansa. Wanda ba Musulmi ba, ko wanda dukiyarsa ke da yawa da sarƙaƙiya, Babbar Kotun jiha zai nufa da lauya. A roƙi alƙali ya ambaci bankin da lambar asusun da iyakar ikon a cikin umarninsa, don banki ba ya aiki da umarnin da bai fito fili ba. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya tuntuɓi Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1976, tana da ofisoshi a jihohi.

Mutuwa kuwa tana yanke komai nan take: mandet, takardar wakilci, har umarnin kotu na kula da marar lafiya. Daga lokacin da aka ce innalillahi, kuɗin da ke asusun ya zama na magada, har da jaririn da ke goye da cikin da ba a haifa ba. Amma sau nawa muka ji, tun ba a dawo daga maƙabarta ba, wani ya ja babban ɗa gefe yana cewa a yi maza a kwashe kafin banki ya ji? Hujjarsu ita ce in an rufe asusu fitar da kuɗin wahala ne. Gaskiya ne akwai wahala. Amma kowace naira da ta fita bayan rasuwa tana nan a rubuce da rana da sa'a, takardar shaidar mutuwa ma tana da rana, kuma duk magajin da ya haɗa biyun ya kai ƙara yana da hujja. Kuɗin likkafani da na haƙa kabari ba su da yawa a wajenmu. Wani ya ranta, a rubuta, a biya shi daga dukiyar kafin rabo, don dama hidimar jana'iza ce farkon abin da ake cirewa, sai bashi, sai wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, sannan gado. Fanshon da ya ci gaba da shiga bayan rasuwa shi ma ba na iyali ba ne har sai hukumar fansho ta yi lissafinta. A sanar da su da wuri.

Wani ruɗanin kuma shi ne sunan da mamaci ya rubuta a fom a gurbin makusanci, wanda ake ce wa nes of kin. Mutane na fassara shi da magaji, har a yi ta gaba a kansa tsakanin ɗakuna. Wannan suna na wanda banki zai tuntuɓa ne idan wani abu ya faru. Ba ya ba shi kuɗin, ba ya ƙara masa kaso, ba ya ba shi ikon cirewa.

Abin da banki ke jira shi ne takardar kotu. A karɓi shaidar mutuwa daga asibiti da kuma Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. A jihohin Arewa, iyalan Musulmi galibi babbar kotun Shari'a ko kotun yanki suke zuwa, ita ta tantance magada, ta rubuta wa banki, a yi rabo a gabanta. Ɗaya hanyar ita ce sashen gado na Babbar Kotun jiha, inda ake ba da takardar izinin kula da dukiyar mamaci. A can za a aika wa banki ya faɗi abin da ke asusun, a buga sanarwa a jarida don mai ja ya fito, a kawo masu tsayawa, a biya wani kaso na ƙimar dukiyar da ya bambanta daga jiha zuwa jiha. A tambayi bankin wace takardar zai karɓa kafin a fara. Matar da ke takaba za ta iya naɗa wakili ya tsaya mata, amma kasonta ya shiga asusun da ke da sunanta.

Kada kuma a bar abin ya kwana da yawa. A ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a watan Yulin 2024, asusun da ya shekara ba a taɓa shi ba ya zama matacce, wanda ya kai shekara goma a haka kuma za a mayar da kuɗinsa wani asusu na musamman a Babban Banki. Kuɗin ba ya ɓata, magada na iya nema, amma hanya ta ƙara tsawo. Gidaje nawa ne ma ba su san mahaifinsu na da wani asusun ba? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dattijo ya rubuta sunayen bankunansa ya ba wanda ya yarda da shi, ba sai ya haɗa da lambar sirri ba.

Kuɗin maraya

A mazhabar Malikiyya da muke bi, mai kula da dukiyar yaro shi ne mahaifinsa, sai wasiyyin da mahaifin ya naɗa, sai alƙali ko wanda alƙali ya ɗora. Ɗan'uwan uba ko yayan yaro ba ya zama mai riƙon dukiyar kai tsaye don kawai shi ne babba a gida. Idan an raba gado, kowane yaro a buɗe masa asusun yara da sunansa, da takardar haihuwarsa da BVN na mai riƙon, a ajiye kwafin umarnin kotu a fayil ɗin banki. Kada a tara na yara biyar a wuri ɗaya, don shekara goma gaba ba wanda zai iya cewa kuɗin makarantar wa ya fi cin kuɗi. Ana fitar da zakka daga dukiyar maraya idan ta kai nisabi, kuma hauhawar farashi na cin ta a kwance, saboda haka malamai suka so a juya ta ta hanya mai aminci. Amma jefa ta a cikin kasuwancinka ba tare da sanin kotu ko shaidu ba, nan ne mafi yawan masu riƙo suka zame. Banki zai mayar wa yaro asusunsa idan ya cika shekara 18. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta haɗa miƙa dukiyar da balaga da kuma hankalin riƙe ta, ta kuma yi umarni a kafa shaidu ranar miƙawa.

Duk wanda aka ɗora wa ɗayan waɗannan nauye-nauye, ya sayi littafi mai bango mai ƙarfi a ranar farko. Kwanan wata, abin da ya shiga, abin da ya fita, dalilinsa. Rasit na kemis da na asibiti a zuba a leda guda. Inda za a iya tura kuɗi kai tsaye daga asusun zuwa asibiti ko makaranta, a yi haka maimakon ciro tsaba, don shi kansa turawar shaida ce. Alat ya riƙa shiga wayar mai asusun, in da hali a ƙara imel na wani ɗan'uwan daban, kuma a kula da layin nan kada ya mutu, domin layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani na janye shi ya sayar wa wani. Duk wata uku a ciro takardar bayanin asusu a nuna wa 'yan'uwa ba sai sun tambaya ba. Idan ɗawainiyar ta hana ka neman naka abincin, ba laifi ba ne a yanka maka wani abu, amma mai dukiya ko kotu ko taron magada ne za su yanka, a rubuce, ba kai ba. Dokar Final Kod ta Arewa ta ba taɓa irin wannan dukiya suna, cin amana, a sashe na 311, sashe na 312 kuma ya tanadi ɗauri har shekara bakwai.

Idan kuma bankin ne ke jan ƙafa bayan kun cika duk sharuɗɗa, ku rubuta ƙorafi ku karɓi lambar shaida. In mako biyu suka wuce ba a warware ba, ku kai Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Banki. Ba a biyan ko kwabo.

Baffa ya rasu bayan shekara biyu. Ranar sadakar uku ɗansa ya kawo littafinsa da ledar rasit ya ajiye a gaban 'yan'uwansa, ya ce daga ranar da Baba ya cika bai taɓa asusun ba, ga alat na ƙarshe kowa ya duba. Ƙanwarsa ta buɗe shafi biyu ta rufe, ta ce, "Yaya, Allah Ya saka maka da alheri." A zama biyu kotu ta gama rabon.

Mai karatu, idan mahaifinka ko mahaifiyarka na raye kuma suna gane ka, ka same su da maganar nan a makon nan, a gaban 'yan'uwanka. Ku zaɓi ranar Talata ko Laraba da safe, lokacin da layi bai yi tsawo ba, ku tafi reshen da aka buɗe asusun da katin NIN na kowannenku da hotuna bibbiyu, ku nemi ganin mai kula da asusun.